Ya cika ko bai cika ba?

Nura: Assalamu alaikum. Manyanmu ku gafarce ni da dogon rubutu, abin ne ya tsaya mini a wuya tun makon jiya. An kawo mana asibiti wani ɗan kabu-kabu, bai fi shekara 22 ba, mota ta kwashe shi a hanyar Illela, kansa ya bugu. Aka sa shi a na'urar numfashi. A kwana na uku babban likita ya zo. Ya haska masa tocila a ido, ƙwayar ba ta motsa ba. Ya goga masa auduga a ido, ko ƙiftawa. Ya ɗura ruwan sanyi a kunne, shiru. Ya zura bututu maƙogwaro, babu tari. Ya juyo ya gaya mana da Turanci cewa ƙwaƙwalwa ta mutu, aka kira shi wani wurin, ya fita. Ni ne ƙarami, aka bar ni da uban yaron. Dattijo ne, takalminsa na roba duk ƙura. Ya riƙe hannun ɗansa ya ce, "Likita, hannunai da ɗumi, ƙirjinai na ɗagawa. Ka hwaɗa mani tsakaninka da Allah, ya cika ko bai cika ba?"

Wallahi shekara shida na yi a makaranta, na san sunan kowace jijiya da aka gwada a gabana, amma bakina ya mutu. Na ce masa, "Baba, a ci gaba da addu'a." Da na fito sai na bi ta gaban ɗakin wankin ƙoda, ga mutane jere a benci tun asuba. Tambayata ita ce: bai kamata a koya mana wannan tun muna ɗalibai ba? Yadda ake tabbatar da irin wannan mutuwa, yadda ake faɗa wa dangi da Hausa, da maganar kyautar sassan jiki bayan rasuwa gaba ɗaya?

Aliyu: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa. Nura ƙanena, ana ta kai wa ke ta kaya? A ce uban nan ya ce ya yarda, ku ɗauki ƙodar. Sai me? Wa zai cire cikin daren nan? Ina jerin sunayen masu jira? Ina ɗakin gwajin da zai duba dacewar jini da nama kafin gari ya waye? Jiya-jiyan nan na rasa mace mai haihuwa saboda leda biyu ta jini, mijin yana tsaye da 'yan'uwansa huɗu, kowa ya ce shi ba shi da isasshe. Mutanen da ba su ba da jinin da zai dawo cikin makonni ba, su za ka tambaya ƙodar ɗansu? Manhajar karatun likitancin nan ta riga ta cika maƙil. A koya wa yara abin da ke kashe mutanenmu.

Dokta Hadiza: Aliyu, ciwon ƙoda yana cikin abin da ke kashe mutanenmu, ka zo ɗakina na wankin ƙoda ranar Litinin ka gani. Wanki sau uku a mako ake so, awa huɗu kowane zama. Da yawa daga cikin marasa lafiyata sau ɗaya suke iya biya, wasu sai an sayar da tunkiya. Idan gona ta ƙare sai ka daina ganinsu, ba ka ma tambaya.

Dashen ƙoda da ake yi a ƙasar nan kuwa daga mai rai ake ɗauka. Haka aka fara a Legas a 2000, haka Asibitin Malam Aminu Kano ya fara a 2002, haka aka yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2025. Ma'ana duk wanda ba shi da ɗan'uwa lafiyayye mai yarda, ƙofa a rufe take. Zuciya kuma babu mai rai da zai ba ka ita.

Maganar cewa babu tsari don haka kada a koyar, ka dubi Sifaniya. Sun yi doka tun 1979 cewa kowa mai ba da sassan jikinsa ne bayan rasuwa sai in ya ce a'a. Shekara goma dokar na kwance ba ta canja komai ba. Sai a 1989 suka kafa hukumar dashe ta ƙasa, suka sa a kowane babban asibiti akwai likita ko nas da aka horar musamman don gane wanda zai iya bayarwa da kuma zama da dangi. Daga kusan masu bayarwa 14 cikin mutum miliyan a shekara suka haura 40, yau su ke gaba a duniya. Mutanen da aka horar ne suka gina tsarin. Ɗalibin da ke aji huɗu yau shi zai riƙe sashen kulawa ta musamman nan da shekara goma sha biyar.

Aliyu: Ranki ya daɗe, Sifaniya ba a ɗauke musu wuta ana tsakiyar tiyata.

Dokta Hadiza: Gaskiya ne. Mu ma ba a fasa yi wa mace tiyatar haihuwa don haka ba.

Maryam (aji uku): Don Allah manya, ni wani abu ne ban gane ba. Mene ne bambancin wannan da doguwar suma? Ƙanin babana ya yi sati biyu bai san inda kansa yake ba, kowa ya fid da rai, ga shi nan yau yana kasuwancinsa a Tambuwal. In da an ce ƙwaƙwalwarsa ta mutu fa?

Dokta Hadiza: Maryam, tambayarki ita ce dalilin da ya sa nake goyon bayan Nura. In ɗalibar likitanci ba ta rabe su ba, ina ga dattijo daga ƙauye? Mai doguwar suma tushen ƙwaƙwalwarsa na aiki: idonsa na amsa haske, yana tari, sau da yawa yana numfashi da kansa. Yana iya farfaɗowa. Wanda tushen ƙwaƙwalwarsa ya mutu, wurin da ke ba da umarnin numfashi ne ya lalace gaba ɗaya. Na'ura ce ke hura huhu, zuciya kuma tana da abin da ke kaɗa ta a cikinta, muddin iska na isa gare ta za ta ci gaba da bugawa na ɗan lokaci. Shi ya sa hannu ke da ɗumi.

Kuma ba da ka ake yanke hukuncin ba. Dole a san abin da ya lalata ƙwaƙwalwar. Dole a tabbatar ba maganin barci ba ne a jikinsa, ba guba ba, ba sanyin jiki ba ne ya yi yawa, ba gishiri ko sukarin jini ne ya rikice ba. Sannan a yi gwaje-gwajen da Nura ya lissafa. Na ƙarshe, a raba shi da na'urar ana ba shi iskar oksijin, a jira gurɓatacciyar iska ta taru a jini har matakin da duk mai sauran rai a tushen ƙwaƙwalwa zai ja numfashi. Kuma likitocin da ke tabbatarwa ba su cikin masu dashe, don kada mai buƙata ya zama alƙali. Wani kwamiti a Jami'ar Harvard ta Amurka ne ya fara tsara ƙa'idojin a 1968, 'yan watanni bayan Christiaan Barnard ya dasa zuciya ta farko a Afirka ta Kudu a Disambar 1967.

Malam Sani: Assalamu alaikum. Ni mai haɗa magani ne, ba mufti ba, amma na ɗan zauna gaban malamai kan wannan mas'ala, bari in ajiye abin da na riƙe. Kada wani ya shiga aji ya ce wa yara "Musulunci ya halatta" ya wuce, kada kuma ya ce "haramun ne" ya wuce. Duka biyun tauye ilimi ne.

Masu hanawa suna da hujja. Akwai hadisin Nana A'isha a Abu Dawuda cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Suna kuma cewa jiki amana ne, mutum bai mallake shi ba balle ya yi kyauta da shi. Shehu Sha'arawi na Masar a kan haka ya tsaya, Shehu Bin Baz ma bai yarda a cire daga mamaci ba.

Masu halattawa kuma ba ƙananan mutane ba ne. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta halatta da rinjaye a 1982. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta ce ya halatta a ɗauki gaɓa daga mamaci a sa wa mai rai idan rayuwarsa ko wani babban amfanin jikinsa ya rataya a kai, da sharaɗin mamacin ya yi izini kafin ya rasu ko magadansa su yi, kuma babu ciniki. Suna kafa hujja da lalura, da ayar Ma'ida cewa wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane duka ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne tambayar dattijon nan. Majalisar Fiƙihun da na ambata, a zaman Amman na 1986, ta ɗauki mutuwar ƙwaƙwalwa a matsayin mutuwa ta shari'a idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ba dawowa. Amma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, a Makka, a 1987, ta ce ana iya cire na'ura, sai dai ba a hukunta mutum da mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya. Kun ga ko a nan ba baki ɗaya ba ne. Ya shafi takaba, ya shafi gado: in ubansa ya rasu a daren da yake kan na'ura, ya gaje shi ko bai gaje shi ba?

Nura: Allah ya gafarta Malam, wannan na gado ko a mafarki bai taɓa zo mini ba.

Aliyu: To kun gani. Malamai ma ba su gama ba, ku kuna so ku ɗora wa ɗan aji huɗu.

Malam Sani: A'a Likita, saɓani ba ya hana karatu. Mun karanta Iziyya da Risala, saɓani nawa muka tarar daga baya? Abin da nake gudu shi ne likita ya tsaya gaban dangi yana ba da fatawa. Aikinsa ya san cewa maganganun biyu suna nan, ya bar su su tambayi malamin da suka amince da shi, kada kuma ya raina wanda ya ce a'a.

Hajiya Matiron: Ɗiyana, ni na yi ritaya amma bari in sa baki. Shekara talatin da ɗoriya ina aikin jinya, kuma har yau ni ka wankan gawar mata unguwarmu. Ku duka kuna ta maganar littahi, ba ku yi maganar rana ba. Mutum ya cika da hantsi, kahin azahar an kai shi. Watan Afrilu garin ga wa ka aje gawa? Kahin ka gama bayani an aika a gina kabari, an yanko likkahwani, mata sun cika gida. Wanda duk yac ce a dakata, sai a ce mi aka jira.

Na biyu, masu wanka za su ga ɗunki. Ranar da munka wanke wata da anka yi ma tiyata ta rasu, wata tsohuwa ta aza yatsa bisa zaren tac ce, "Mi sunka ɗebe?" Ba a ɗebi komi ba, amma kahin la'asar magana ta zagaye unguwa. Mutanenmu ba addini kaɗai ka hana su ba, tsoro na. Suna jin in kun san za ku samu ƙoda ba za ku tsaya ku yi ma ɗansu magani da gaske ba. Kuma suna jin talaka za a ɗebe ma, a sa ma mai kuɗi.

Barista Umar: Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. Tun da kotun Landan ta ɗaure tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa Ike Ekweremadu shekara tara da wata takwas a 2023, kan kai wani matashi mai talla daga Legas don a cire ƙodarsa, duk wanda ka yi wa maganar ƙoda abin da ke faɗo masa ke nan. Alhali Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta saye da sayar da sassan jiki, kuma ta ba mutum damar yin wasiyya da jikinsa ko wani sashe nasa a yi amfani da shi bayan ya rasu. Na sha tambayar abokaina likitoci ko sun taɓa buɗe wannan babin na dokar. Matata ma, da take cikinku, dariya ta yi.

Dokta Zainab: Barista, za mu haɗu a gida. Amma bari in kawo nawa, don tun ɗazu kuna kan ƙoda da zuciya kamar su kaɗai ne. Ni a ɗakin ido nake. Kullum sai na ga mai hakiya: wanda ƙyanda ta taɓa yana yaro, wanda kara ya tsokane a gona aka ɗiga masa abin da ba a sani ba, wanda gashin ido ya juya ciki yana gogar idon shekara da shekaru. Akwai wani magini da ke zuwa wurina, idon dama ya tafi tun tuni, na hagu kuma siminti ya faɗa masa. Yana ganin hasken taga, yana ganin inuwar hannuna, ba ya iya ƙirga yatsuna. Bayan idon lafiya lau yake. Tantanin gaba ne kawai ya yi fari, kamar gilashin fitila da ya sha hayaƙi.

Wannan tantanin ba ya buƙatar duk abin da Aliyu ya lissafa. Ba sai mutum na kan na'ura ba, ba ruwansa da saɓanin Amman da Makka, domin bayan zuciya ta tsaya ake ɗauka, cikin 'yan awoyi. Aikin bai kai awa ɗaya ba, a rufe fatar ido, fuska ba ta canjawa. Ba jijiyar jini a cikinsa, shi ya sa galibi ba a neman dacewar jini. A ruwan ajiya cikin sanyi yana kai kusan mako biyu, alhali zuciya awa huɗu zuwa shida ce, ƙoda kuma kwana ɗaya ko ɗaya da rabi. Tun 1905 aka yi dashensa na farko da ya yi nasara. Siri Lanka, ƙasar da ba ta fi mu arziki can ba, ta daɗe tana aika shi ƙasashen waje, kuma Pakistan na cikin manyan masu karɓa. Musulmi suna gani da idon mabiya Buda. Ni abin yana ba ni kunya.

Ba kowace hakiya yake gyarawa ba, kada a ce na faɗa. Wadda ta kama yaro tun yana ƙarami idon ya riga ya yi lalaci, sau da yawa ko an dasa ba ya gani sosai. Yanar ido kuma aikinta daban. Amma irin maginin nan, shi kam zai koma bakin aikinsa.

Hajiya Matiron: Zainabu, wanga naki ya hi shiga hankali. Amma sai wata ta ce miki da wane ido za shi tashi ran ƙiyama.

Malam Sani: Hajiya, wanda ya ƙone a gobara da wanda ruwa ya ci a Gulbin Rima, da wane jiki za su tashi? Wanda ya ƙaga shi da farko ba zai gaza mayar da shi ba. Wannan kam ko masu hanawa ba da shi suke kafa hujja ba.

Maryam (aji uku): Ni tun ranar da aka fara shigar da mu ɗakin gawa a aji biyu nake da tambaya ban samu wanda zan yi wa ba. Ƙamshin maganin ya sa ni hawaye, aka yaye ledar, na ga mutumin yana da tsagar gado a kumatu. Wani ne ya haife shi. Ba wanda ya ce mana ga yadda ya zo nan, ko ga abin da addini ya ce, ko mu yi masa addu'a. Aka ce mu ɗauki wuƙa. Wata biyu ban ci nama ba. Ina ganin tun daga ranar ya kamata a fara wannan magana, ba sai aji biyar ba.

Aliyu: Wannan kam na yarda, Maryam. Mu ma haka aka yi mana, muka mayar da shi abin dariya don mu iya barci.

Amma bari in yi tambayar da kowa ke kewayewa. Nura, Dokta Zainab, ranki ya daɗe Dokta Hadiza: in mahaifinku ne kwance, za ku sa hannu? Ku kanku kun gaya wa na gida abin da kuke so a yi da ku? In ba ku yi ba, me za ku koya wa yara?

Dokta Zainab: Ni na gaya wa Barista, ido dai a ɗauka.

Barista Umar: Ta faɗa, amma ba ta rubuta ba, kuma ba ni ne matsalar ba. Ta je ta gaya wa yayyenta a Gwadabawa.

Nura: Ni gaskiya ban sani ba, Yaya Aliyu. Na gwada taɓa wa mahaifiyata maganar a waya daren jiya, ta ce in yi ta'awizi in daina kiran mutuwa da dare.

Dokta Hadiza: Ni ma a kan mahaifina ban san me zan yi ba, Aliyu, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ba cewa na yi a mayar da ɗalibai masu farautar ƙoda ba. A ƙasashen da abin ya zauna ma, wanda ya sanar da mutuwa daban, mai neman kyauta daban, maganar kyauta kuma sai an ga dangi sun fahimci cewa mutuwar ta tabbata. Dattijon Nura ko matakin farko ba a kai shi ba. An bar shi yana addu'ar samun sauƙi, wataƙila yana aikawa gida a sayar da wani abu don kuɗin gado.

Ga abin da zan iya ba tare da jiran kowane kwamiti ba. Ranar Asabar bayan la'asar, duk ɗalibi ko sabon likita da ke so ya zo, awa ɗaya. Ba allo, ba Turanci. Ɗaya ya zama likita, ɗaya ya zama uba, a faɗa masa da Hausa. Malam Sani ya ba mu minti goma sha biyar kan maganganun malamai, Zainab ta zo da hoton ido. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kalmar kanta. In ka ce "ƙwaƙwalwarsa ta mutu", abin da uba zai ji shi ne ɗansa zai tashi da taɓin hankali.

Malam Sani: Haka ne kuwa. In ka ce "rai ya yi halinsa" kuma ka riga ka yanke hukuncin da malamai suka saɓa a kai.

Hajiya Matiron: Ku bar wahal da kanku da ɗalibi shi zama uba, bai san abin da uwaye ka tambaya ba. Ni za ni zo in zama uwar yaron. Kuma ba ni raga ma kowa, Nura ka shirya.

Aliyu: Ni ban canja ra'ayi kan ƙoda ba. Amma ku sa ni a matsayin baffan da ya iso daga Legas da dare yana cewa a kira ɗan sanda. Kowane gida akwai shi.

Nura: Ranki ya daɗe, a ɗan matsa zuwa ƙarfe biyar, ina aikin rana ranar Asabar, sai huɗu da rabi nake miƙa marasa lafiya.

Maryam (aji uku): 'Yan aji uku za su iya zuwa? Mu shida ne.